Tarken Darasin "Kare da Zomo": Matsalar Harshe a Lissafin Lokacin Cim ma Abin Kora

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rubuce-rubucen da aka gabatar wa sashen manhaja domin dubawa akwai daftarin wani littafin taimakon malami na lissafi da Hausa, wanda aka tsara don aji shida na firamare da ajin farko na ƙaramar sakandare. Wannan tarke ya taƙaita ne ga darasi ɗaya daga cikinsa, wato darasin da marubutan suka sa wa suna "Kare da Zomo", inda ake koya wa ɗalibi gano tsawon lokacin da dabba mai kora za ta ɗauka kafin ta cim ma wadda ke gabanta. An zaɓi darasin ne saboda lissafinsa ba shi da wuya, bai wuce ɗebewa ɗaya da rabawa ɗaya ba. Idan har ɗalibi ya kasa shi, to akwai dalili mai ƙarfi na tuhumar kalmomin da aka gabatar masa da tambayar.

Batun yana da nauyi a wannan lokaci. Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun fitowarta a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen yankin da yake zaune. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa dukkan shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi ya sanar da janye tsarin da komawa ga Ingilishi, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Duk da haka, wanda ya san azuzuwanmu ya san cewa malami kan koma Hausa da zarar ya ga idanun yara sun raina fata. Saboda haka duk darasin lissafin da aka rubuta da gurguwar Hausa yana cutar da yaro, kuma yana zama hujja a hannun masu cewa harshen ba zai iya ɗaukar ilimin kimiyya ba.

2.0 Tarihin Tambayar Kora a Taƙaice

Tambayar kare da zomo tsohuwa ce ƙwarai a tarihin koyar da lissafi. A ƙasar Sin, littafin nan da ake kira Babi Tara na Fasahar Lissafi, wanda ya kai kimanin shekara 2,000, ya kawo zomon da ya ba kare ratar taki 100. Karen ya yi gudun taki 250 ya tsaya, saura taki 30 ya cim masa, sai aka tambayi taki nawa ya rage masa da bai tsaya ba. Tunda a taki 250 ya rage 70 daga ratar, sauran 30 ɗin na bukatar taki 107 da ɗaya bisa bakwai. A 1299 wani masanin ƙasar, Zhu Shijie, ya kawo ingarman doki mai tafiyar zango 240 a yini, bisa ma'aunin nisa na ƙasarsu, da wani raggon doki mai tafiyar 150 wanda ya riga shi tashi da kwana 12. Ratar ta zama 1,800, bambancin tafiyarsu 90, amsar kuwa kwana 20.

A Turai kuma akwai tarin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da Alcuin, malamin nan mutumin York ta Ingila wanda ya rasu a 804. A nan fili ne mai tsawon ƙafa 150, kare a wannan baki, zomo a wancan. Kare na tsallen ƙafa 9, zomo na tsallen ƙafa 7. A kowane tsalle kare na rage ƙafa 2, don haka sai ya yi tsalle 75, ya ci ƙafa 675, zomo kuma ƙafa 525.

Abin lura a misalan nan uku shi ne, duk sun ginu a kan abu guda: ratar da ke tsakanin dabbobin, da abin da take raguwa da shi a kowane taki ko tsalle ko yini. Da wannan ma'auni za a auna darasin da ke gabanmu.

3.0 Darasin Kamar Yadda Yake a Daftari

Darasin ya buɗe da ƙa'ida a cikin akwati: "Lokaci = nisa ÷ saurin dangantaka." Daga nan sai misali na farko:

"Kare yana gudun mita 15 a daƙiƙa. Zomo yana gudun mita 12 a daƙiƙa. Zomo yana nisan mita 60 daga kare. Nemo lokacin da kare zai kama zomo ta amfani da saurin dangantaka."

Aka warware shi da cewa 15 − 12 = 3, sannan 60 ÷ 3 = 20, wato daƙiƙa 20. Misali na biyu ya shafi jaki mai "gudun" kilomita 4 a awa wanda ya tashi da ƙarfe 6 na safe, da doki mai gudun kilomita 12 a awa wanda ya bi shi da ƙarfe 8. Aka sake cewa a "nemo lokacin da doki zai kama jaki", aka ba da amsa: 1.

Ya kamata a yaba wa marubutan a kan abubuwa uku. Na farko, lissafinsu daidai yake, babu kuskure a alƙaluma. Na biyu, sun zaɓi dabbobin da yaro ya sani, maimakon jiragen ƙasa biyu da aka saba gani a irin wannan darasi. Yaron da ya taɓa bin 'yan farauta ko ya kora jaki zuwa kasuwa ba baƙo ba ne a nan. Na uku, sun tabbatar da amsar misali na farko ta hanyar nuna cewa a wannan lokaci kare ya yi mita 300, zomo ya yi mita 240, bambancin kuwa shi ne mita 60 ɗin farko. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce da ta cancanci a riƙe ta a sauran darussa. Rauninsu yana wajen harshe da kuma jerin matakan koyarwa.

4.0 Tarken Kalmomi

4.1 "Saurin Dangantaka"

Wannan ita ce babbar keɓaɓɓiyar kalmar darasin, kuma ita ce mafi rauni. Kalmar Ingilishin da aka fassaro tana ɗauke da ma'ana biyu: ɗan'uwa na jini, da kuma abin da ake aunawa ta hanyar gwada shi da wani. Ma'ana ta biyu ce lissafi yake nufi, amma "dangantaka" a kunnen Bahaushe ta fi karkata ga ta farko, domin daga "dangi" ta samo asali. Yaro ɗan shekara 11 da ya ji "saurin dangantaka" ba zai ga hoton komai ba, sai dai ya haddace cewa duk inda kalmar ta fito ana ɗebe ƙaramar lamba daga babba.

Wani zai ce a maye gurbinta da "bambancin sauri". Wannan ya fi ta haske, kuma ya dace da tambayar kora. Sai dai yana da iyaka. Idan raguna biyu suka ja da baya suka taho za su yi karo, ratar da ke tsakaninsu tana raguwa ne da jimillar saurinsu. Da karen misalinmu da zomon juna suka nufo, da a kowane sakan mita 27 za su ragu. Kalmar da ta ce "bambanci" za ta ɓatar da yaro a darasi na gaba.

Shawarar wannan tarke ita ce a yi amfani da "saurin raguwar tazara". Ta fi tsawo, amma tana faɗin ainihin abin da ake aunawa, kuma tana aiki a yanayin biyu: in suna bin juna a ɗebe, in suna fuskantar juna a tara. Malami na iya ƙarfafa ta da abin da kowane yaro ya gani a mota. Idan motar da kake ciki tana zabga gudu, wata kuma ta zo wuce ku, sai ka ga kamar tana rarrafe a gefenku, alhali wanda ke tsaye a bakin titi yana ganin dukkanku kamar walƙiya. Haka ma da mutum zai zauna a gadon bayan zomo ya waiwaya, zai ga kare na matsowa ne da mita 3 kacal a kowane sakan.

4.2 Nisa, Tazara da Rata

Daftarin ya yi amfani da kalma ɗaya, "nisa", ga abubuwa uku mabambanta: mita 60 da ke tsakanin dabbobin, mita 300 da kare ya yi, da mita 240 da zomo ya yi. Ƙa'idar da ke cikin akwati kuwa ta ce a raba "nisa" ba tare da ta fayyace wanne ba. Wannan talauci ne da aka jawo wa harshe mai wadata. Hausa tana da "tazara", wato sararin da ke tsakanin abubuwa biyu, tana kuma da "rata", wadda ta fi dacewa da tsere, domin idan an ce wane ya ba wane rata, kowa ya san wanda ke gaba da wanda ke baya. Abin da ya dace shi ne a bar "nisa" ga abin da kowace dabba ta ci na ƙasa, "rata" ga fifikon da na gaba ya fara da shi, "tazara" kuma ga sararin da ke canzawa yayin gudu.

Har ila yau, jimlar "zomo yana nisan mita 60 daga kare" ba ta faɗi ɓangaren da zomon yake ba, ba ta kuma faɗi inda ya dosa ba. Marubutan sun dogara da cewa kowa ya san zomo gudun kare yake yi. A wannan misali hakan na iya wucewa, amma ɗalibin da bai saba neman alkiblar tafiya a cikin tambaya ba zai rikice ranar da aka ba shi dawaki biyu.

4.3 Kama da Cim ma

An yi amfani da aikatau "kama" a misalan biyu. Kare kam yana kama zomo, amma doki ba ya kama jaki, sai dai ya cim masa, ko ya riske shi, ko ya tarar da shi. Hausa ta bambance matakan kora dalla-dalla: a bi, a kora, a matso, a cim ma, a sha gaba, a wuce, a yi fintinkau. Matakin da lissafi ke nema shi ne wanda tazara ta zama sifili, kuma sunansa "cim ma". "Kama" yana ƙara wani aiki na baki ko hannu wanda ba ya cikin lissafin. "Tarar da" da "iske" kuwa sun fi dacewa da abin da ke zaune wuri ɗaya, kamar a ce na tarar da shi a gida. Saboda haka "cim ma" ce ta cancanci zama keɓaɓɓiyar kalmar wannan babi.

Haka nan a ce jaki yana "gudun" kilomita 4 a awa abin dariya ne ga ɗan ƙauye, domin wannan tafiya ce, ko mutum a ƙasa yana yin ta. Gaskiya ne ana cewa mota tana gudun kilomita kaza a awa, amma a littafin koyarwa ya fi kyau a keɓe "sauri" ga ma'auni, a bar "gudu" da "tafiya" da "sukuwa" ga aikin da dabbar ke yi.

4.4 Lokaci da Daƙiƙa

"Nemo lokacin da" jimla ce mai harshen damo. Tana iya nufin ƙarfe nawa, tana iya nufin tsawon lokaci. A misali na biyu wannan ya haifar da amsoshi uku, kuma kowace tana da hujja. Jaki ya yi awa 2 yana tafiya kafin doki ya tashi, ya ba da ratar kilomita 8. Tazarar na raguwa da kilomita 8 a awa. Ke nan doki zai cim masa bayan awa 1 da tashinsa, wanda ya yi daidai da awa 3 da tashin jaki, wato ƙarfe 9 na safe, a kilomita na 12. Daftarin ya rubuta "1" kurum, babu ma'auni. Malamin da ya riƙe wannan amsa zai soke yaron da ya rubuta ƙarfe 9, alhali yaron ya fi kusa da abin da jimlar Hausar ta tambaya. Gyaran mai sauƙi ne: a ce "awa nawa doki zai yi daga tashinsa", ko kuma "da ƙarfe nawa".

Kalmar "daƙiƙa" ma tana da tata matsalar. A Larabci, inda aka aro ta, minti take nufi, amma Hausawa da yawa suna amfani da ita a ma'anar sakan. Yaran da suka fito daga makarantun Islamiyya na iya ɗaukar ma'ana ta farko, wasu su ɗauki ta biyu, a aji ɗaya. Tsakanin ma'anonin biyu akwai ninki 60. Tunda "sakan" da "minti" sun zauna a harshen kuma ba sa rikitarwa, su ya kamata a riƙe a littafin lissafi.

5.0 Tarken Tsarin Koyarwa

5.1 Ƙa'ida Kafin Fahimta

Darasin ya fara da ƙa'ida, sannan misali. Wannan jeri yana koya wa yaro zuba lambobi a gurbi ba tare da ya ga abin da ke faruwa a fili ba. Da an fara da jadawalin tazara, da yaran da kansu za su fito da ƙa'idar. A farko tazara mita 60 ce. Bayan sakan 1 ta zama 57, bayan sakan 2 ta zama 54, bayan sakan 5 ta zama 45, bayan sakan 10 ta zama 30. Kafin a kai nan wani yaro zai ɗaga hannu ya ce uku-uku take raguwa, kuma tambayar ta koma: uku nawa ne a cikin 60? Wannan ita ce hanyar da tsofaffin tambayoyin da aka ambata a sama suka dosa da ƙidayar taki da tsalle.

5.2 Kuskuren da Ba a Yi Tanadinsa Ba

Littafin taimakon malami ya kamata ya faɗa wa malami kuskuren da zai tarar. A wannan tambaya kuskuren da ya fi kusa shi ne a raba 60 da 15 a sami sakan 4. Daftarin bai ambace shi ba, alhali kalmar "nisa" da ke cikin ƙa'idarsa ita ke kai yaro gare shi. Kuma amsar ba shirme ba ce: sakan 4 shi ne lokacin da kare zai isa inda zomo yake da farko. Sai dai zomo ba ya kamuwa daga zaune, shi ma kuma ba ya zaman jiran kare. A sakan 4 ɗin ya ƙara mita 48. Kare na bukatar sakan 3.2 ya ci wannan, zomo kuma ya ƙara mita 38.4, wanda ke bukatar sakan 2.56, haka dai.

Wannan shi ne ainihin ruɗanin da masanin falsafar Girka, Zeno, ya kafa a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, game da gwarzon gudu da kunkuru, wanda Aristotle ya ruwaito ya kuma yi masa raddi: wai mai sauri ba zai taɓa cim ma marar sauri ba, domin kullum sai ya fara isa inda wancan ya baro. Amsar lissafi ita ce waɗannan lokuta suna ƙanƙancewa, kowane kashi huɗu ne cikin biyar na wanda ya gabace shi, kuma jimillarsu tana tsayawa a kan 20 daidai. Ba a bukatar a koya wa ɗan firamare wannan jimilla, amma malamin da ya san ta zai karɓi amsar sakan 4 a matsayin matakin farko, ya tambayi yaron ina zomo yake yanzu, maimakon ya ja masa jan biro.

5.3 Sharuɗɗan da Aka Ɓoye

Amsar sakan 20 ta dogara ga sharuɗɗa uku: dabbobin sun tashi tare, suna bin miƙaƙƙiyar hanya ɗaya, kuma saurinsu bai canza ba. Babu ko ɗaya da aka faɗa. Yaron da ya san daji ya san zomo yana kauce-kauce, kare kuma yana gajiya. Idan ya nuna shakka, iliminsa ne ya yi magana, kuma haƙƙinsa ne a ce masa "mu ƙaddara cewa". Wannan ɗan furuci yana koya masa cewa lissafi yana sauƙaƙa duniya da gangan domin ya iya auna ta.

Haka kuma babu tambaya ko ɗaya a darasin da kora ta ci tura. Ya kamata a tambayi yaro abin da zai faru idan saurinsu ɗaya ne, ko idan zomo ya fi sauri. Ya kuma kamata a ba zomo mafita. Alal misali, a ce akwai sarƙaƙiya mita 180 a gabansa. Zai isa cikin sakan 15, a lokacin kuwa tazara ta ragu da mita 45 kawai, saura 15. Zomo ya tsira. Irin wannan tambaya ce ke bambance wanda ya fahimta da wanda ya haddace.

6.0 Gyararren Misali

Bisa ga abubuwan da aka tattauna, ana ba da shawarar misali na farko ya koma kamar haka:

"Kare ya hango zomo a gabansa da ratar mita 60. Nan take zomo ya zura da gudu, kare ya bi shi. Mu ƙaddara cewa hanya ɗaya miƙaƙƙiya suke bi, kuma babu wanda ya ƙara sauri ko ya rage. Saurin kare mita 15 ne a sakan, na zomo mita 12 a sakan. (a) Da mita nawa tazararsu ke raguwa a kowane sakan? (b) Sakan nawa kare zai yi kafin ya cim ma zomo? (c) Mita nawa kowannensu ya yi?"

Ƙa'idar kuma ta zo a ƙarshen darasi, da wannan lafazi: tsawon lokacin cim ma = ratar farko ÷ saurin raguwar tazara. Kowace amsa ta zo da ma'auninta. Kafin a buga littafin, ya dace a karanta tambayoyin da baki ga malaman aji da ɗalibai daga karuruwan harshe daban-daban, kamar Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci, a ga ko "rata" da "tazara" da "cim ma" suna ba su ma'ana ɗaya.

7.0 Kammalawa

Wannan tarke ya duba darasin "Kare da Zomo" ta fuskar kalmomi da tsarin koyarwa. An ga cewa alƙalumansa daidai suke, zaɓin dabbobinsa ya dace, amma jimlolinsa an ɗora su ne a kan ginin wani harshe, har aka bar kalmomin da Hausa ta tanada domin tsere da kora. Kalmomi biyar ne ke bukatar gyara: dangantaka, nisa, kama, lokaci da daƙiƙa. Ra'ayin mai wannan tarke shi ne a mayar wa marubutan da daftarin domin su gyara darasin, su kuma bi sauran babin sauri da wannan ma'auni, tare da haɗa malamin lissafi da masanin harshe a teburi ɗaya tun daga rubutun farko.